Golanmu ya rasu da bashinsa a kaina, ga shi ana shirin wasan tunawa da shi

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, ina zaune a Agege, shekaruna 46. Da muke jami'a a Zariya na yi shekara huɗu ina buga wa makaranta ƙwallo, ni ɗan baya, abokina gola. Ɗakinmu ɗaya, tare muka je NUGA, gasar wasanni ta jami'o'in Najeriya, tare muka gangaro Legas neman abinci. Shekara bakwai da suka wuce ya ranta min naira 300,000 na saro tumatir daga Arewa, mota ta lalace a hanya, kaya suka ruɓe. Na biya 180,000, saura 120,000 suka maƙale, muka yi cacar baki, daga nan ko gaisuwa ta yanke. A 2022 da aka yi NUGA a Jami'ar Legas da ke Akoka na hango shi cikin 'yan kallo, na kauce. Mako shida da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a wurin aikinsa a Apapa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mata, 'ya'ya uku ƙanana, maza biyu da mace ɗaya, da mahaifiyarsa. Yanzu tsofaffin 'yan ƙungiyarmu, mu 18, mun buɗe zaure a WhatsApp, ana shirin buga wasan tunawa da shi da tara wa iyalinsa kuɗi. Ba wanda ya san maganar bashin. Ina tunanin in zuba kuɗin cikin gudummawar, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ko barci ba na iyawa. Ina mafita?

Mai karatu daga Agege

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari.

Malam, rashin barcin nan ba abin mamaki ba ne. Gola da ɗan bayan da ke gabansa suna da wata irin shaƙuwa da sauran 'yan ƙungiya ba su da ita. Shekara huɗu kana juya wa mutum baya, ba ka ganinsa, muryarsa kawai kake bi. Ya ce "bar ta!" ka sunkuyar da kai ba tare da ka waiga ba, don ka san hannunsa na nan. Ya ce "hagunka!" ka karkata tun kafin ka ga ɗan gaban da ya sulalo. In ka yi kuskure shi ke ɗauko ƙwallo daga cikin raga, in ya yi kai kake shan zagin 'yan kallo tare da shi. Irin wannan yarda ba ta gogewa don an yi shekara bakwai ba a gaisa ba, shi ya sa Hausawa suka ce sabo ake wa kuka. Amma tambayarka ba ta kuka ba ce, don haka bari mu shiga abin da za ka yi, kuma za mu fara da wanda ka fi son a tsallake.

Kada ka zuba 120,000 ɗin nan cikin gudummawa. Bashi daban, sadaka daban. Daga ranar da ya cika, kuɗin sun daina zama nasa, sun zama na magadansa, kowa da kason da Allah Ya yanka masa. In mahaifinsa ba ya raye, kamar yadda wasiƙarka ta nuna, kuma babu wani bashi ko wasiyya da za a fara fitarwa, lissafin haka yake: matarsa tana da tumuni, wato 15,000. Mahaifiyarsa tana da sudusi, 20,000. Saura 85,000 na yara ne, namiji rabon mata biyu, kowane yaro 34,000, yarinyar 17,000. In ka jefa kuɗin cikin asusun makarantar yara, ka cinye wa tsohuwa 20,000 ɗinta da sunan alheri, sannan abokanka su yi ta yaba maka a kan kyautar da ba kyauta ba ce. Kai da kanka ba za ka sami barcin da kake nema ta wannan hanya ba.

Ba mu ce ka yi shela a zauren WhatsApp ba. Mutum ɗaya kawai kake buƙata, wato wanda dangi suka ɗora wa alhakin dukiyar mamacin, galibi wansa ko ƙanensa ko kawunsa. Nemi lambarsa, ka ce kana son ganinsa a keɓe. Ka tafi da mutum biyu masu mutunci, in limamin unguwarku zai yarda ya zama ɗaya ya fi. Maganar ba ta wuce jimla uku ba: "Marigayi yana bi na naira 120,000 tun shekara kaza. Ga su. A haɗa da abin da za a raba." A rubuta a takarda, da kwanan wata, shaidu su sa hannu, ka riƙe kwafi. In ta banki za ka tura, ka rubuta a wurin bayani cewa biyan bashin marigayi ne, don kada wata rana a ce gudummawa ce. Labarin motar tumatir da wa ya fara zagin wa, ka bar shi a cikinka. Ba shi da amfani ga kowa, kuma wanda zai kare kansa yana ƙasa.

Akwai abu biyu da sukan taso a irin wannan zama. Na farko, kunya takan sa dangi su ce "haba, ai mun yafe." Matar tana iya yafe nata, tsohuwa tana iya yafe nata, amma babu wanda yake da ikon yafe kason marayu ƙanana, ko da uwarsu ce. Ka yi godiya, ka ajiye kuɗin. Na biyu, kowa ya san 120,000 na shekara bakwai da suka wuce ba su ne na yau ba, kai da kake kasuwa ka fi mu sanin abin da kwandon tumatir ya koma. Abin da ya wajaba a kanka shi ne adadin da ka ranta, amma ƙarin da mai biya ya yi da kansa, ba da sharaɗi ba, halal ne kuma abin so ne. Annabi (SAW) ya biya raƙumi da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. In kana da hali ka ƙara, in ba ka da shi kada ka jinkirta don jiran ƙarin. In ma duka ba za su samu yanzu ba, ka kai rabin, ka rubuta ranar cikon. Abin da ba ma so shi ne a raba gado a tashi ba a san da kuɗin ba.

Gabar da kuka yi kuwa, ba mu da wata dabara da za ta mayar da kai filin Akoka ka miƙa masa hannu. Ka nemi gafarar Allah, ka riƙa sa shi cikin addu'a da sunansa, ka je kabarinsa ka yi masa sallama. Sauran kuma aiki ne, kuma aikin yana gidansa.

Matar tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, yanzu ko rabi ba ta yi ba. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ku ɗunguma ku 18 ku cika tsakar gidan haya. Ka san zaman Legas, ɗaki na kallon ɗaki, wanda ya shiga da wanda ya fita duk a idon maƙwabta yake. Ka tura maiɗakinka ta fara zuwa, ko ku je tare bayan an sanar da ɗan'uwan marigayin, ku yi gaisuwa a taƙaice ku fito. Mace ce za ta iya tambayarta abin da namiji ba zai iya ba: yaushe kuɗin haya zai ƙare, nawa ne kuɗin makarantar kowane yaro, akwai abinci, kuma tana da niyyar zama a Legas ko komawa gida bayan takaba. Amsoshin nan huɗu su ne za su gaya muku irin taimakon da ake buƙata. Sau da yawa abokai kan sayo buhun shinkafa biyar alhali abin da ke hana matar barci shi ne mai gida da zai zo karɓar kuɗin shekara nan da wata biyu.

Ga wani taimako da ya fi duk abin da za ku tara, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. In ma'aikacin kamfani ne, a bincika ko yana cikin tsarin fansho na karo-karo. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatun da ke cikin tsarin su yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba, ban da abin da ya taru a asusun fanshonsa. Kuɗin nan ba sa zuwa da kansu, sai an bi. Ana buƙatar takardar asibiti ta shaidar rasuwa, da rajistar mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da kuma takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jihar Legas, wadda bankuna ma sukan nema kafin su saki abin da ke asusunsa. Wanda aka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji kai tsaye ba, mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Mace mai takaba ba za ta iya zaryar kotu a Ikeja da wurin aikinsa a Apapa ba, dangin da suka zo daga Arewa kuma ba su san ƙofofin ba. A cikin mutum 18 da suka yi jami'a da wuya a rasa lauya ko ma'aikacin banki ko wanda ya san kan ofis. A ɗora masa wannan, ya yi aiki tare da wakilin dangi, ba a bayan idonsa ba.

Yanzu maganar asusu. Mun san yadda irin wannan zaure yake tafiya: makon farko saƙo ɗari uku a rana, tsofaffin hotuna, alƙawura manya. Wata na biyu rabi sun yi shiru. Wata na huɗu sai mutum uku ke biya, su ma suna ƙorafi. Ba mugunta ba ce, zafin mutuwa ne yake hucewa, kowa ya koma kan nasa nauyin. Maganinsa shi ne a ƙulla tsarin yanzu da ƙarfen yake da zafi, kuma a yanka abin da mai ƙaramin ƙarfi a cikinku zai iya ba tare da ya ji a jikinsa ba. Misali, in kowa zai ba da 5,000 a wata, 90,000 ke nan, a shekara 1,080,000. Wannan ya fi a tara miliyan ɗaya rana ɗaya a miƙa a watse, domin kuɗin da aka miƙa a dunƙule a gidan mutuwa hannaye da yawa ke shiga cikinsu. Wanda yake da hali ya ƙara a asirce. Kowa ya ba bankinsa umarnin cirewa duk wata, don kada a koma roƙo da tuni.

Kada kuɗin su zauna a asusun mutum ɗaya, ko da shi ne kyaftin ɗinku na da, ko da kowa ya shaide shi. Ba zargi ba ne, kariya ce gare shi. Ku buɗe asusun haɗin gwiwa da sunan mutum uku, a sa sharaɗin sai biyu sun sa hannu kafin a fitar da ko sisi. Ku rubuta a shafi ɗaya abin da kuɗin suke yi: kuɗin makarantar yaran nan uku, da littattafai, da asibiti in ta kama. Ku faɗa wa dangi a fili cewa wannan kyauta ce ga yaran, ba ta cikin gado, don kada ranar rabo wani ya ce a kawo. A riƙa biyan makaranta kai tsaye, zango uku a shekara, wajen Satumba da Janairu da Afrilu, a ɗora rasit da bayanin banki a zaure kowa ya gani. Ku yi alƙawarin shekara uku, in sun cika a zauna a sabunta, domin "har su gama jami'a" magana ce mai daɗin faɗa da ba wanda ya san nauyinta. Sannan ku amince tun yanzu cewa kuɗin yaran suke bi. In uwar ta koma Arewa, ko ta yi aure bayan takaba, wanda haƙƙinta ne, asusun bai tsaya ba. Mun sha ganin taimako ya koma igiya a wuyan bazawara, ana yi mata iko da rayuwarta don ana biya wa 'ya'yanta makaranta.

Shawararmu gare ka kai kaɗai: kada ka nemi zama cikin masu sa hannu. Ka biya naka kason, ka ɗauki aikin ƙafa, kamar kai rasit da duba yaran.

Sai wasan. Ba mu hana ba, yana da kyau yaran su ga mutanen da babansu ya yi gumi tare da su. Amma a ɗaga shi zuwa bayan takaba, don uwar ta iya zuwa in tana so, kuma don ku sami lokacin shiri, domin abin da ya fi damunmu a duk wasiƙarka shi ne maza 18 masu shekara arba'in da ɗoriya, yawancinsu sun yi shekara goma ba su yi gudun minti biyar ba, za su sa riga su shiga fili da zuciyar 'yan shekara ashirin. Abokinku faɗuwa ya yi. Mutanen Legas ba sa buƙatar a tuna musu ranar 12 ga Agusta 1989, da ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a Babban Filin Wasa na Surulere ana wasa da Angola, yana da shekara 25, yana kan ganiyarsa, zuciya ta tsaya. Ku da tumbi ya fara rufe muku bel ba ku fi shi lafiya ba.

Don haka kowa ya je a auna masa jini da suga tun mako shida kafin ranar. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce ya ga likita tukuna. Wanda yake jin nauyi ko ciwo a ƙirji in ya hau bene, ko numfashinsa yake sarƙewa, ko ya taɓa suma, ko wani a gidansu ya taɓa mutuwar fuju'a da ƙuruciya, ba zai buga ba sai likita ya sa hannu. A ba shi usur ko ya zama koci, ba abin kunya ba ne. Sauran su fara tafiya da sauri ta minti talatin, sau uku ko huɗu a mako, bayan mako biyu a haɗa da sassarfa, a mako biyun ƙarshe a taɓa ƙwallo. Raunin da ya fi kama tsofaffin 'yan wasa shi ne tsagewar tsokar bayan cinya da tsinkewar agara, kuma dalilinsa ɗaya ne: kai yana tuna yadda ake fizgar gudu, jijiya kuwa ta bushe. Wanda agararsa ta tsinke yakan ji kamar an harbe shi ta baya, ya waiga ba kowa, kuma jinyarta watanni ce, ga kasuwa tana jira.

A buga bakwai-bakwai a ƙaramin fili, minti ashirin-ashirin, a riƙa canji ba iyaka, wanda ya fita yana iya dawowa. Ba sharar ƙafa, ba tsalle a kan mutum, a gaya wa rafari ya hura da wuri. A fara da ƙarfe bakwai na safe ko bayan la'asar, domin zafin Legas mai gumi ne, jiki ba ya hucewa da sauri, kuma ciyawar roba da ake haya a unguwanni tana ɗaukar zafi sosai da tsakar rana. A yi ɗumama jiki na minti goma sha biyar, a tanadi ruwa da ƙanƙara. A ɗauko nas ko likita a biya shi, a ajiye mota ɗaya da direba a ciki, hancinta na kallon ƙofa, a kuma san asibitin da ya fi kusa da hanyar da ba ta cunkushewa. Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767, amma da go-sulo irin na garin nan mintunan farko a hannunku suke. In mutum ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, ba ruwa ake yayyafa masa ba, ba fifita ake yi ba, ba a cusa masa cokali a baki. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna ba tsayawa har taimako ya zo. Wannan dannawar, da na'urar da ke farfaɗo da bugun zuciya, su suka ceci ɗan ƙwallo Christian Eriksen na Denmark da ya faɗi a fili a 2021. Aƙalla mutum biyu a cikinku su koya a hannun ma'aikacin lafiya kafin ranar.

Kuma a kula da kashe kuɗi. In kuɗin riguna da kofi da rumfa da lasifika suka fi abin da zai shiga asusun yara, kanku kuka yi wa biki. Riguna kala biyu marasa tsada sun isa. Batun ko a haɗa da taron addu'a ko kada a haɗa, mun san a cikin mutum 18 ba za a rasa saɓanin fahimta ba. Kada ku bari wannan ya raba ku, kowa ya yi masa addu'a yadda malaminsa ya koya masa.

Abu na ƙarshe, kuma kai ka fi kowa cancantar yin sa. Yaran nan sun san babansu ma'aikaci mai fita da asuba ya dawo da dare a gajiye. Ba su san golan da ya yi tsalle ya ture fenareti ba. Ka tattara hotunan da ke hannun kowa. A ɗauke su da na'urar sikana, ba da kyamarar waya ba, a tura a WhatsApp a matsayin fayil domin in an tura a matsayin hoto yana rage masa kyau. A wanke kwafi uku, kowane yaro da nasa, a rubuta sunaye da shekara da wuri a baya da fensir, biro yana cin takarda. Kowane ɗayanku ya naɗi murya ta minti uku, labari ɗaya takamaimai, ba "mutumin kirki ne" ba: ranar da motar makaranta ta mutu a hanyar zuwa gasa, abin da yake faɗa kafin a fita fili, yadda yake jera katanga in za a buga firikik, wanda ya ciyar da kuɗin aljihunsa. In wani yana da tsohuwar rigarsa ko safar hannunsa, a kai wa babban ɗan. Annabi (SAW) ya kasance in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta, don haka abin da kuke shirin yi yana da asali.

Ranar wasan, in babban yaron yana so, a sa shi a raga na minti biyar na ƙarshe, kai kuma ka tsaya a gabansa inda ka saba tsayawa. Amma kafin nan, cikin makon nan, ka kira ɗan'uwan marigayin.